Martani: Iyakar Ƙaramar Hukuma Ba Ta Tare Ruwan Damina

Kwanakin baya wani marubuci, wanda daga alƙalaminsa za ka gane ɗan gefen birni ne kuma abin na ci masa tuwo a ƙwarya, ya fitar da maƙala kan yadda Kano take cinye garuruwan da ke kewaye da ita. Abin da ya tsaya a kai shi ne, tunda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to lokaci ya yi da Kumbotso za ta tsara ƙasarta da kanta, Ungogo ma haka, Gezawa da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa kowa ya ji da nasa. A ganinsa, duk wani kira na a zauna a yi tsari guda dabarar mutanen cikin gari ce: su kwashe filaye, su turo wa ƙauye shara, sannan su yi wa abin ado da daɗin baki. Matsalar birni ta birni ce, in ji shi, kada a ɗora wa talakan karkara.

Malam, ciwon da ka nuna kowa ya san da shi. Manomin da aka karɓe gonar kakanninsa aka yanka fulotai, aka biya shi kuɗin amfanin gona da 'yan bishiyoyi, bayan shekara ya ji farashin da ake sayar da fuloti ɗaya a wurin, ba ya buƙatar a yi masa lacca kan zalunci. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ita ta halatta wannan, domin diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, ƙasar kanta kuwa amana ce a hannun gwamna. Haka nan tsoron da kake yi wa duk wani abu da ake cewa a haɗa kuɗi a yi tare yana da tushe. Shekara da shekaru asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi ya zama rijiya gaba dubu, kuɗi ya shiga, shugaban ƙaramar hukuma ya sa hannu, aikin kuma sai dai ya ji a rediyo. Duk wannan na yarda da kai. Inda muka rabu shi ne maganin da ka rubuta, domin in aka sha shi, mutanen da kake karewa su za su fara kwanciya.

Mu fara da hukuncin da ka jingina da shi. Kotun Ƙoli ta yi magana ne a kan kuɗi da kuma zaɓe: a daina riƙe kason ƙananan hukumomi, a daina naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Ba ta taɓa batun ƙasa ba. Dokar 1978 tana nan daram, kuma an ɗaure ta a cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999, ba a taɓa ta sai an bi hanyar gyaran kundin. A ƙarƙashinta, gwamna ne ke ayyana wane yanki ne ya zama birni, kuma da zarar ya ayyana, ikon ba da takardar mallaka ya koma hannunsa. Abin da ya rage wa ƙaramar hukuma shi ne ƙasar da ba a ayyana ba. Tun a 2003 ma, a shari'ar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, kotun nan ta tabbatar cewa tsara birane hurumin jiha ne. Saboda haka shugaban Kumbotso da zai tashi gobe ya ce shi kaɗai zai tsara Mariri da Na'ibawa da Panshekara, hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, za ta tuna masa matsayinsa kafin azahar. Shugaba ɗaya a gaban gwamna roƙo yake yi. Shugabanni goma sha huɗu da suka zo da taswira ɗaya da murya ɗaya, su ne za a ja wa kujera a saurara.

Amma bar ta doka. A ɗauka an sakar wa kowa ƙasarsa ya yi yadda ya so. Ina iyakar take?

Ka hau Adaidaita Sahu daga Kabuga ka nufi sabuwar jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo. Kabuga da Ɗorayi Gwale ce. Rijiyar Zaki Ungogo ce. Ɗanbare, da ke fuskantar jami'ar, Kumbotso ce. In ka ƙara gaba ka wuce Janguza, ka kama hanyar Tofa. Tafiyar da ba ta kai a gama sauraron labaran rana ba, ka taɓa ƙananan hukumomi uku ka doshi ta huɗu, kuma ba za ka ga inda gini ya yanke ba balle ka ce nan wata ta ƙare. Magidanci yana kwana a Ɗanbare, shagonsa yana Kantin Kwari a Fagge, 'ya'yansa suna makaranta a Rijiyar Zaki, mai garuwar da ke kawo masa ruwa daga wata rijiyar burtsatse yake turowa a Ɗorayi. Wannan mutum a lissafinka ɗan birni ne ko talakan karkara? A ƙidayar 2006, wadda har yau ba a sake wata ba, ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar Kano suna da mutum kusan miliyan 2.8, Ungogo kaɗai ta haura dubu 360, Kumbotso ta kusa dubu 300. Yau duk wanda ya san Bachirawa da Sheka ya san waɗannan alƙaluma sun zama tarihi. Birnin da kake cewa a bar masa matsalarsa ya riga ya tare a tsakar gidanku, kuma yawancin waɗanda suka tare ɗin 'ya'yan talakawa ne da kuɗin haya ko rabon gado ya koro daga cikin ganuwa.

Ruwa shi ya fi kowa raina iyaka. Kano tana zaune a kan tudu mai gangara biyu: ruwan arewa ya bi Jakara, na kudu ya gangara Challawa. Jakara tana tasowa daga cikin gari, ta kwashi dattin unguwanni da na mahauta, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta je ta zube a dam ɗin Wasai a Minjibir. Mutumin Minjibir bai jeme fata ko ɗaya a Bompai ba, amma shi ke kama kifi a wannan ruwa. Masu lambu a bakin rafin da shi suke ban ruwa, latas da kabeji da alayyafo kuma su juyo cikin gari a ci. A kudu, ruwan masana'antun Sharaɗa da na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, kogin nan kuma a wajen Tamburawa yake haɗuwa da kogin Kano, yankin da matatar ruwan da ke shayar da birni take, a ƙasar Dawakin Kudu. Ka gaya mini, Malam, wace ƙaramar hukuma ce ita kaɗai za ta gyara wannan? Minjibir ba ta da ikon hana Bompai zuba, Nasarawa kuma ba ta da dalilin damuwa da abin da ya wuce iyakarta in dai an ce kowa tasa ta fisshe shi.

Na damina ya fi wannan saurin nuna kansa. Kududdufan da suke shanye ruwan sama a da, an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ruwan bai fasa zuwa ba, wurin zama ya rasa. Ƙaramar hukumar da ke tudu, in ta samu kuɗinta kai tsaye kamar yadda kake fata, abin da za ta yi a bayyane yake: ta gina magudanar kankare mai kyau, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, magudanar ta ƙare daidai inda ƙasarta ta ƙare. Ruwan da a da yake tafiya a hankali yana nutsewa, yanzu ya taho a guje ya afka wa unguwar da ke ƙasa, inda gidajen ƙasa ne da bulo marar siminti. Shugaban da ya gina bai yi laifi ba, aikinsa ya yi wa waɗanda suka zaɓe shi. Wanda katangarsa ta faɗi kuma ba shi da ƙuri'a a can. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta jiƙe dukiya mai yawa, kowa ya yi ta magana kan gini a kan hanyar ruwa, to wannan a tsakiyar gari ke nan inda idon hukuma yake. Abin da ke faruwa a Gayawa ko Kureken Sani sai dai maƙwabta su taya juna kwashe kaya.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini zafi, wato awon igiya. Kowa ya san yadda ake yi. Mai gona ya rasu, magada suna son kuɗi, ko kuwa shi da kansa ya ji ƙishin-ƙishin gwamnati na tafe ya ce gara ya riga ta. A kira dillali, a kira mai awo, a zo da igiya da turaku. A yanka hamsin-hamsin, wani wurin a raba biyu saboda mai ƙaramin ƙarfi. Hanya kuwa asara ce a idon mai sayarwa, domin duk taku ɗaya da ya bari kuɗi ne ya zubar, don haka sai a bar lungun da Adaidaita za ta shiga da ƙyar. A rubuta takarda, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Gonar da ke maƙwabtaka ita ma a yanka ta, amma da wani dillalin, a wata shekarar, lungunta ya kalli wani wajen daban. Bayan shekara goma sai ka iske unguwa cike da mutane, lungu ya tafi ya ci karo da bangon wani, babu filin makaranta, babu na asibiti, motar kashe gobara ta tsaya a bakin titi tana kallon hayaƙi, motar kwashe masai ba ta isa, ranar da aka yi rasuwa kuwa sai an karkata makara kafin a fita da ita.

Ba na zagin masu sayen awon igiya. Talaka ba shi da wani zaɓi, fulotin gwamnati ba nasa ba ne, kuma da awon igiya aka gina mafi yawan sababbin unguwannin da ke ɗauke da jama'ar Kano a yau. Abin da nake cewa shi ne akwai abubuwa 'yan kaɗan da ba a iya samar da su bayan an gama gini sai da rusau da kuka: babbar hanya, hanyar ruwa, maƙabarta, filin makaranta. Lokacin ware su ɗaya ne, wato tun ƙasar tana gona, tun ana sayar da ita da kadada. Kuma babbar hanya ba ta da amfani in Ungogo ta ware tata ta zo iyakar Dawakin Tofa ta tarar an yi masallaci da gidaje a bakinta. Dole dagacin wannan gefe da na wancan su san layi ɗaya, su hana igiya ta hau shi. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Yana buƙatar mutum biyu su yarda da taswira ɗaya kafin dillali ya riga su.

Ka ambaci maƙabarta a cikin kayan da birni ke turo muku, har na yi mamaki. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da maƙabartu, tare da kasuwanni, tashoshin mota, magudanai da kwashe shara. To Fagge ko Dala ko Tarauni, ina suka ga filin sabuwar maƙabarta? Tsofaffin sun cika, wasu an ci gefensu. Mamaci kuma ba a tambayarsa takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ko ka so ko ka ƙi, gawar cikin gari za ta zo gefen gari. Abin tattaunawa shi ne ko za ta zo da tsari, waɗanda ba su da fili su biya kuɗin sayensa da katange shi da albashin masu haƙa, ko kuwa za ta zo haka nan, ku ba da ƙasa kyauta ku kuma ɗauki ɗawainiya. Shara ma haka take. Motocin hukumar kwashe shara ta REMASAB ba su fasa fita bayan gari da lodi ba don wani ya rubuta maƙala. Wanda ya ƙi zama a teburin ciniki bai hana a zuba masa ba, farashi kawai ya hana kansa faɗa.

Akwai kuma wani abu da maƙalarka ta tsallake, wataƙila don yana rusa rabon da ka yi na birni azzalumi da ƙauye abin tausayi. Gefen garin ma ba ɗaya ba ne. Kasuwar Dawanau, wadda hatsinta ke kaiwa har Nijar da Chadi da Kamaru, tana Dawakin Tofa. Manyan motocin da ke yi mata lodi kuwa ta Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da yawansu suke bi, kuma dubban masu dako da 'yan kasuwar a waɗannan unguwanni suke kwana, can matansu ke haihuwa, can 'ya'yansu ke cika aji. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a farkon 2023 tana Zawaciki a Kumbotso. Kasuwar magunguna an mayar da ita Dangwauro a kan titin Zariya. In aka bi shawararka, wanda kasuwa ta faɗo a ƙasarsa ya kwashi kuɗin shiga, maƙwabcinsa ya kwashi ƙura da cunkoso da yaran da ba su da aji. Daga nan kowace ƙaramar hukuma za ta shiga farautar kasuwa da tasha da gidan mai, ba mai son ware fili don makaranta ko gidajen masu ƙaramin ƙarfi tunda ba sa kawo ko sisi. Faɗan da kake hangowa tsakanin Kano da ƙauye zai koma tsakanin Ungogo da Dawakin Tofa.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A jihar Minnesota ta Amurka, garuruwan da ke kewaye da tagwayen biranen Minneapolis da St. Paul sun yi irin wannan rige-rigen, kowa na jan masana'anta zuwa ƙasarsa. A 1971 majalisar jihar ta yi doka: kashi 40 cikin ɗari na ƙarin da aka samu a darajar kadarorin kasuwanci da masana'antu da ake ɗora wa haraji, a zuba shi a tukunya ɗaya a raba wa garuruwan gundumomi bakwai na yankin, ana duba yawan jama'a da ƙarfin kowa. An kai dokar kotu, ta tsallake, kuma har yau ana aiki da ita. Ba wanda aka rushe, kowane gari yana nan da shugabansa da majalisarsa. Ba na cewa a kwafo ta yadda take, harajin kadara a wajenmu ko tattara shi ba a iya yi ba tukuna. Abin ɗauka shi ne maƙwabta za su iya raba riba da wahala ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba.

Na san abin da za ka ce: wata sabuwar hukuma ke nan, da shugaba da motoci da ofis mai sanyi, wata kafar cin kuɗi. Da haka nake nufi, da na bi bayanka mun yi adawa tare. Hukumomi ba su ne suka yi mana kaɗan ba, KASEPPA ta zama KNUPDA, ga KANGIS, ga ma'aikatar ƙasa. Abin da babu shi ne wurin da ƙananan hukumomin da kansu za su zauna a matsayin maƙwabta. Shugabannin nan suna haɗuwa a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta ALGON in maganar kaso ta taso, to me zai hana takwas na ƙwaryar birni da waɗanda birnin ya fara taɓawa, irin su Gezawa, Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Tofa, Minjibir da Madobi, su riƙa zama kan hanya da ruwa da maƙabarta da juji? A sa hakimai da dagatai a ciki, domin ba a yanka gona a ƙasarsu ba su sani ba, kuma shugaban ƙaramar hukuma yana tafiya bayan 'yan shekaru, dagaci yana nan. Taswirar da aka amince da ita a manna ta a ƙofar gidan kowane dagaci da sakatariya, yadda mai sayen fili zai je ya duba da idonsa kafin ya biya, ya san ko a kan hanya ake sayar masa. Abin da ake ɓoyewa a durowar ofis shi ake sayarwa a asirce. Kuɗin kowa kuma ya zauna a asusunsa, a haɗa hannu aiki-aiki, a rubuce, kowa ya san nawa ya sa.

Za a yi rigima, babu shakka. Wani shugaban ɗan wata jam'iyya ne, wani yana da fulotai a daidai inda layin ya bi, wani dagacin da kansa dillali ne. Wasu yarjejeniyoyin za su mutu a takarda, kamar yadda babban tsarin Kano na Trevallion, wanda aka zana don shekarun 1963 zuwa 1983, ya ƙare wa'adinsa gari ya wuce shi ya bar shi a baya. Amma shi wancan tsari daga sama aka sauko da shi, masu ƙasar ba su da hannu a ciki, shi ya sa ba wanda ya ji zafin take shi. Layin da dagaci ya sa hannu a gaban jama'arsa, ya san a kansa za a zo in aka gina.

Kuma lokaci ba ya jiranmu mu gama musu. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, a shekarar kuma aka ƙaddamar da na Kano zuwa Kaduna a Zawaciki. Bututun iskar gas na AKK ma Kano ya nufo. Duk inda aka ce tasha za ta zauna ko masana'anta za ta biyo, dillalai sun riga injiniyoyi isa, kuma gonakin da ke wajen a hannun masu kuɗin cikin gari da na Abuja suke ƙarewa tun manomi bai san dalilin da ya sa aka taya masa da tsada ba. Waɗannan masu saye ba su damu da ko filin yana Kumbotso ko Madobi ba, taswirar yankin gaba ɗaya suke kallo. Shugabannin ƙananan hukumomin da abin ya shafa ne kaɗai har yanzu kowa ke kallon tasa, kuma maƙalarka cewa take su ci gaba da haka.